Yatsan da Na Ara a Kasuwar Gwandu

Tafiyar nan wahala ce tun daga farkonta har ƙarshenta, kuma har yau ƙuguna bai koma daidai ba. Tun da na dawo, duk wanda ya same ni a majalisa ko a bakin masallaci sai ya ce in ba shi labarin Nijar, kamar wanda ya je aikin hajji. Na gaji da maimaitawa. Karatuna bai yi nisa ba, amma zan rubuta sau ɗaya, wanda ya iya ya karanta wa wanda bai iya ba, a bar ni in huta.

Ba saro kaya na je ba, kamar yadda wasu ke yaɗawa. Yatsan mutum na bi.

Shekarun baya, da aka ce kowa ya yi wa layin wayarsa rajista, masu na'ura sun zo kasuwar Gwandu suka kafa laima. Lokacin dashen albasa ne, hannuna ya sha ruwa da laka har zanen yatsun ya shafe. Na ɗora babban yatsa, na'ura ta ƙi. Mai na'urar ya ce in goga a goshi, na goga. Ya ce in lasa, na lasa. Na gwada yatsu goma, ba wanda ta karɓa, mutane kuma a bayana sun fara tsaki. Sai Bawa mai kifi, mutumin Kalgo da ke kawo banda duk ranar kasuwa, ya ture ni gefe ya ɗora nasa, aka ɗauki hotonsa, aka miƙo mini layina. Ranar ba ni kaɗai ya yi wa haka ba. Duk tsohon da na'ura ta ƙi, Bawa ake kira. Ba wanda ya ga laifi a ciki. Mu a wajenmu ana aron jaki, ana aron galma, ana aron babbar riga a je ɗaurin aure. Aron yatsa bai yi mana kama da wani babban abu ba.

A daminar da ta wuce wayata ta yi shiru. Na je ofishin kamfanin a Birnin Kebbi da takardar lambar ɗan ƙasa, wadda na sha wuya kafin in samu. Wata ma'aikaciya a bayan gilashi ta ce sunan da ke kan layin daban, sunan da ke kan takardata daban, don haka sai mai yatsan ya zo da kansa ya sake ɗorawa ya ce ya bar mini. Ta ce idan layi ya daɗe a rufe, wani ake ba. Na tambaye ta sauran kwana nawa. Ta ce na'urarsu ba ta hawa ranar, in dawo. Ban dawo ba. Ga girbin gero, ga rainon irin albasa, ga kuɗin mota da ya zama abin da ya zama. Wata ya bi wata.

Na gaya wa mutane don masu sayen albasa na kudu nake neman lambar. Ba gaskiya ba ne, masu sayen albasa sun san hanyar gonata. Ɗana na fari yana Aljeriya shekara huɗu ke nan, yana aikin gini, ba takarda. Ba shi da layi nasa. Sau biyu ko uku a shekara yake aron wayar wani ya kira, ya ce yana lafiya, a gaida mahaifiyarsa, ya kashe. Lamba ɗaya ce a kansa, tawa. Wayar mahaifiyarsa bayan tafiyarsa aka saye ta. Kun san mutumin Gwandu ba ya zama a majalisa ya ce yana kewar ɗan fari. Shi ya sa na fake da albasa.

Da na gama dashe, na karɓi ƙaramar wayar matata na sa a aljihu, na hau mota zuwa Birnin Kebbi, daga can na shiga ta Kalgo. Mu biyu aka cusa a gaba, ni ne kan giya, duk lokacin da direba zai canza sai na ɗaga cinya. Direban kuma ya ƙirƙiro dabara, ko gangara kaɗan ya gani sai ya kashe mota mu tafi a sulale. Wani fasinja ya ce wannan ganganci ne. Direba ya ce ranar da aka janye tallafin mai an ce musu kuɗin zai koma hanya da asibiti, shi yana nan yana jira, kafin su iso zai ci gaba da gangancinsa. Wani tsoho a baya ya ce tallafin ma ba talaka ke ci ba, masu tsallaka da shi iyaka ne. Direba ya ce to yanzu an hana ɓarawo, an haɗa da mai gida. Injin ban-ruwana ya san amsar, ya fi kwana a ɗaki fiye da fadama.

A Kalgo na tarar gidan Bawa da wasu mutane a ciki. Aka nuna mini shagon ƙanensa Alu, mai cajin waya a bakin titi. Alu ya ce Bawa ya kwashe iyalinsa ya koma Gaya, cikin Nijar, shekara biyu ke nan. Na tambayi dalili, ya ce kasuwa. Na nemi lambarsa, ya ce Bawa ba ya riƙe waya. Na ɗauka ƙarya yake mini, amma ban ja ba, don a hannunsa zan kwana.

Shagon Alu da faifan hasken rana yake aiki. Wayoyi sun fi hamsin a jere kan katako, kowace da takarda a manne. Unguwarsu ta kwana tara ba wuta. Ya fito da ni waje ya nuna mini manyan turakun lantarki da suka ratsa daji suka yi yamma, ya ce in duba da kyau, wuta ce ke wucewa ta saman kawunansu tana tafiya wata ƙasa, su a ƙasa suna fifita da kwali. Ya ce rana kaɗai ce ba a ƙara wa kuɗi ba har yanzu, ita ma don hannu bai kai ba ne. Na ci tuwon shinkafa da miyar kifi a gidansa, miyar ta yi, amma sauron Kalgo bai san baƙo ba.

Da safe na kama hanyar Kamba ta Bunza. Nan ne mai ya ƙare mana a tsakar daji, don direban kwalba-kwalba yake saye. Ya ɗauki galan ya tari mai babur ya tafi, ya bar mu ƙarƙashin wata ƙirya har rana ta take. Wata mata mai tafiya biki ta buɗe ƙullin ƙuli-ƙulinta ta raba mana. Ta ce za ta gaya wa amarya direba ne ya cinye gudummawarta.

A iyaka an duba takardata a ɓangarenmu, an sake dubawa a nasu. Jandarman da ya karɓa ya juya ta gaba da baya, ya dubi hoton ya dube ni, ya yi magana da Faransanci, sannan ya koma Hausa ya tambaye ni me zan yi a Gaya. Na ce zumunci. Ban ga yadda zan gaya wa mai bindiga cewa yatsa na zo nema ba. Wajen canji kuwa, na miƙa damin naira da ya cika mini aljihu, aka ba ni 'yan takardun sefa da ba su fi a ɓoye a cikin hula ba. Ina tuna lokacin da mutanen can ke roƙonmu naira. Mai canjin ya ga fuskata ya ce in yi haƙuri, ba shi ya yi ba, kullum da safe a waya yake ganin farashi kamar kowa.

Gaya gari ne na bakin kogi, Hausa tana tafiya, amma rabin maganar kasuwa Zabarmanci ne da Dandanci. Burodinsu dogo ne kamar sanda, a hammata ake ɗaukarsa, kuma idan ya wuni sai mai haƙori. Ni nawa sun ragu, sai da na jiƙa a shayi. Da rana ta yi tsaka kowa ya rufe shago ya tafi gida ya kwanta, har masu ofis, ba mai jin kunya. Wannan kam na yaba musu. Suna cin kwaɗon zogale kamar ba gobe. Lambar waya kuma bibbiyu suke faɗinta da Faransanci, ko wanda bai taɓa shiga aji ba. Wutar da Alu ke ƙorafi a kanta, su ma a can ƙorafin suke, wai idan an yi faɗa a sama ana yanke musu. Na ga dai duk inda talaka yake, yana zaton rabonsa ne aka kai wa maƙwabci.

Kwana biyu ina tambaya a kasuwar kifi kafin a nuna mini inda Bawa ke banda, can gefen ruwa. Wajen sauka daga kwalekwale laka ta riƙe mini takalmi ɗaya, ba ta sake shi ba. Haka na iso gabansa, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu. Ya tsufa. Ya dube ni ya yi dariya har da tari, ya ce Gwandu ta talauce har an fara sayen takalmi ɗai-ɗai. Na ce gara mu, shi da ya gudu ya bar gari da warin kifi. Ya shimfiɗa mini buhu, matarsa ta kawo fura, muka gaisa gaisuwar mutanen da suka daɗe. Sai bayan la'asar na faɗi abin da ya kawo ni. Na ce zan ɗauki nauyin zuwansa da dawowarsa, kwana uku kawai.

Ya juya kifin da ke kan ragar banda, ya gyara itace. Sannan ya ba ni labarin da ƙanensa ya ɓoye mini. Ɗaya daga cikin layukan da ya ɗora wa yatsa ya bi hannu ya bi hannu, mai shi ya rasu, wayar ta shiga kasuwa, har ya faɗa hannun masu satar mutane. Da shi suka kira dangin wani da suka ɗauke. Da hukuma ta bincika, sunan Bawa ya fito, da hotonsa yana murmushi a kasuwar Gwandu. A gaban 'ya'yansa aka ɗauke shi. Ya yi makonni a tsare, ana tambayarsa mutanen da bai taɓa gani ba. An ce ya lissafa duk waɗanda ya ara wa yatsa, ya kasa, don bai riƙe ba. Da aka sake shi, ba wanda ya ce masa ɓarawo, amma masu sayen kifinsa suka ragu, kuma aka daina kiransa ɗaurin aure.

Ya ce, "Ummaru, ban san layi nawa ke yawo da sunana ba. Kowane dare ina iya zama mai laifi ina barci. Yatsan ga ba ya sake hawa na'ura, ko ta wa ce."

Na ce ai wannan zuwan sauke kaya ne, zai cire sunansa daga nawa. Ya ce ya sani, amma ranar da ya shiga ofis aka buga sunansa, bai san abin da zai fito ba, kuma ba wanda zai iya yi masa alkawari. Ni ma ban iya ba. A nan ne na gaya masa gaskiya, cewa ba albasa ba ce, yaron nan ne.

"Da ka ce in ba ka kwalekwalen ga, da na ba ka," in ji shi. "Ka yafe mini."

Ban ji haushinsa ba, kuma har yau ban ji ba. Abin da na yi ta juyawa a raina shi ne, ranar da ya ture ni ya ɗora yatsansa, ko na gode ban tsaya na yi masa da kyau ba. Na ɗauka abin minti ɗaya ne. Ashe sunansa ya ba ni in riƙe, da mutuncinsa, ni da duk wanda ya tsinci wayata. Masu laima kuma sun ga mutum ɗaya yana ɗora yatsa sau ashirin, ba wanda ya ce masa kul, don yawan rajista ake biyansu. Da abin ya ɓaci, ba a nemi mai laima ba. Na kwana a rumfarsa, da safe ya ba ni silifas ɗinsa da ƙullin banda, ya raka ni har tasha.

A motar Kamba zuwa Kalgo na zauna kusa da wata malamar makaranta, Malama Rahila, 'yar Zuru ce, tana koyarwa a Kalgo. Ta ga silifas ɗin sun fi ƙafata, ta yi dariya, magana ta ja magana har na ba ta labarin layin, ban da zancen yaro. Ta ce abin da mutane ba su gane ba, lambar waya ba ta mutum ba ce, haya ce, ranar da mai gida ya ga dama sai ya sa wani. Na ce shekara goma sha wani abu ina zuba mata kati, ko gonar aro ce ai an san da ni. Ta ce haka ne, kuma abin da ya fi ba ta haushi, an karɓi hotonmu da yatsunmu da sunan uwayenmu an tara, mu kuwa ba mu da inda za mu je mu tambayi me aka rubuta a kanmu. Sai ta tambaye ni yaushe rabon da in kira lambar.

Na ce wace lamba. Ta ce tawa.

Ban taɓa kira ba. Da farko mutane sun ce mini suna kira ana cewa a kashe take, daga nan kowa ya bari. Ni kuma bai taɓa zo mini a rai mutum ya kira kansa ba. Ta karɓi wayar matata, na faɗa mata lambar, ta danna. Ta shiga. Ina jin ƙararta daga inda nake zaune. Wani namiji ya ɗauka da Turanci.

Da muka sauka a Kalgo, ta ja ni gefen wani shago inda babu hayaniya ta sake kira. Mutumin sunansa Emeka, mai walda ne a Aba. Ya ce wata biyu ke nan da ya sayi layin sabo a kwalinsa, kuma ya gaji da masu kiransa da asuba suna yi masa Hausa. Wato tun kafin in bar Gwandu an riga an ba shi. Duk Kamba da Gaya da takalmina, bayan abin da ya riga ya tafi nake bi. Sannan na ce ta tambaye shi ko wata lambar ƙasar waje ta taɓa kira. Ya ce an kira, sau biyu ko uku, bai ɗauka ba, don lambar waje ta 'yan damfara ce.

Malama ta rufe bakin wayar da hannu ta dube ni. Sai na gaya mata. Ta yi masa bayani a hankali, ta daɗe tana magana, na ji muryarsa ta sauka. Ya ce idan an sake kira zai ɗauka, ya ba da lambar da muka kira shi da ita. Amma ya ce a gaya masa sunan mai kiran, don ya tabbatar ba ɗan damfara ba ne.

"Baba, mene ne sunansa?" in ji ta.

Shekara ashirin da bakwai ban taɓa faɗin sunan nan da bakina ba. Sunan mahaifina ne, kuma ɗan fari ne. A gida yaron nan muke cewa, ko wancan. Na duba ko akwai wanda zai faɗa a madadina, ba kowa sai ni da ita da mai shago yana auna gari.

Na ce, "Abubakar."

Ta maimaita masa sau biyu, ta rubuta masa a saƙo, har da sunan garinmu. Na yi mata godiya, na ba ta rabin bandar Bawa, ta ƙi, na ajiye mata a kan jaka na wuce.

A hanyar gida na yi ta tunani. Mutumin nan bai san ni ba, ba addininmu ɗaya ba, ba yarenmu ɗaya ba, yana da aikinsa da hayaniyar injinsa. Ya ce zai ɗauka, amma alkawarin waya ne, kuma yaron nan yana iya yin wata biyar bai kira ba. Mutum yana mantuwa. Ba ofishin da zan kai ƙara idan ya manta, ba takardar da ta ɗaure shi. Da na iso, mahaifiyar yaron ba ta tambaye ni komai ba, ita ma kunyar ta hana ta. Na miƙa mata wayarta na ce kada ta bari caji ya ƙare, ko da rana ɗaya. Ta gane.

Washegari da safe na shiga rumbun albasa na zaɓi manya, busassu, waɗanda za su kai kudu ba su ruɓe ba. Na cika buhu na ɗinke da kaina, na ɗora a amalanke zuwa inda manyan motoci ke lodi. Na samu direban da zai yi Aba. Ya ce a rubuta sunan mai kaya da lambar da za a kira idan an isa. Na karɓi alƙalamin na rubuta Emeka, a ƙarƙashinsa na rubuta tsohuwar lambata.